Yaƙutu Al-Hamawi: Baran Da Aka Sallama, Ya Koma Ga Alƙalami

 

Jama'a masu karatu, a wannan mako za mu kawo muku tarihin wani bawan Allah wanda duk ɗalibin da ya yi nisa a karatun Hadisi ko tarihi ko adabin Larabci ba ya rasa cin karo da sunansa, watau Shihabuddini Abu Abdullahi Yaƙutu Al-Hamawi, mai littafin Mu'ujamul Buldan. Abin da ya sa muka zaɓe shi kuwa shi ne, mutane da yawa sun san littafin amma kaɗan ne suka san cewa mai shi ya shiga sana'ar rubutu ne a sanadiyyar sallamarsa da aka yi daga aiki, yana saurayi, ba shi da uwa ba shi da uba a garin da yake zaune. Labarinsa yana da amfani ga duk magidancin da aka taɓa miƙa wa takardar sallama, ya koma gida yana tunanin abin da zai gaya wa iyali.

An haifi Yaƙutu a ƙasar Rum wajen shekara ta 574 ko 575 bayan Hijira, daidai da 1179 ta Miladiyya. Tun yana ƙaramin yaro aka kama shi, aka kai shi Bagadaza aka sayar. Wanda ya saye shi wani attajiri ne mai suna Askar ɗan Abu Nasar, mutumin Hama ta ƙasar Sham, amma mazaunin Bagadaza. Daga nan Yaƙutu ya sami laƙabinsa guda uku: ana ce masa Ar-Rumi saboda asalinsa, Al-Hamawi saboda ubangidansa, Al-Bagadadi kuma saboda garin da ya tashi. Sunan nan Yaƙutu, watau dutsen nan mai daraja, irin sunan da ake raɗa wa bayi ne a wancan zamani. Da yake ba a san mahaifinsa ba, sai ake kiransa ɗan Abdullahi, kamar yadda aka saba yi wa irinsa, domin ko wane ne uban mutum bawan Allah ne.

Shi Askar gwanin kasuwa ne, amma hannunsa bai faɗa da rubutu ba. Saboda haka ya sa yaron nan a makaranta domin ya koyi karatu da rubutu da lissafi, ya riƙa ajiye masa lissafin dukiyarsa. Nufin attajiri ke nan, bai wuce ya sami magatakarda na gida wanda ba sai an biya shi lada ba. Yaro kuwa ya ɗauki karatu, har ya taɓa nahawu da lugga. Da ya tasa sai ubangidan ya soma aikensa fatauci, yana kai haja tsibirin Kish da ke cikin Tekun Farisa, wanda a lokacin babbar matattara ce ta jiragen da ke zuwa daga Hindu, yana zuwa Oman, yana komawa Sham. A cikin waɗannan tafiye-tafiye ne idonsa ya buɗe ga garuruwa da hanyoyi da nisan zango, abin da zai zame masa jari daga baya ba tare da ya sani ba.

Ana nan, a shekara ta 596, watau wajen 1200, sai saɓani ya shiga tsakaninsa da ubangidansa. Askar ya 'yanta shi, sa'an nan ya nisanta shi daga gidansa da dukiyarsa. Mai karatu ya dubi wannan hali da kyau. 'Yanci alheri ne babba, amma a rana guda saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya rasa aikinsa da masaukinsa da abincinsa da inuwar da yake fakewa a ƙarƙashinta. Ba shi da dangi a Bagadaza, ba shi da gadon gona, ba shi da jarin da zai ci gaba da fataucin da ya saba. Abin da ya fita da shi daga gidan Askar shi ne abin da ke cikin kansa da kuma kyawun rubutun hannunsa.

To, da yake Allah ba Ya rufe wata ƙofa sai Ya buɗe wata, sai Yaƙutu ya nufi kasuwar warraƙai. Warraƙai su ne masu sayar da takarda da tawada, masu juyin littattafai da hannu, masu ɗinke su da yi musu bango, kuma su ne dillalansu. A zamanin da babu injin ɗab'i, duk littafin da ya shiga hannun ɗalibi sai da wani ya zauna ya juye shi harafi bayan harafi. Wannan sana'a ta daɗe da kafuwa a Bagadaza, tun da aka soma yin takarda a birnin a ƙarshen ƙarni na biyu na Hijira. A cikin warraƙan Bagadaza ne aka sami Ibnun Nadim, wanda ya tsara littafin Al-Fihirist a shekara ta 377, inda ya jero sunayen littattafan da aka sani a zamaninsa da masu su. An kuma ruwaito cewa Al-Jahiz yakan yi hayar shagunan warraƙai ya kwana a ciki yana karatu.

Yaƙutu ya zauna yana juyin littattafai ana biyansa lada. Aiki ne mai cin ido da baya, ladansa kuma bai taka kara ya karya ba. Amma akwai wata riba a cikinsa wadda ba a ƙirga ta da dirhami. Mai juyin littafi ba shi da ikon tsallake shafi, dole ya bi kowace kalma da idonsa da hannunsa, don haka sai ya wayi gari ya karanta abin da ɗalibai masu hali ba su karanta ba. Waɗanda suka rubuta tarihinsa sun ambata cewa ta wannan hanya ya tara ilmi mai yawa. Bai kuma tsaya nan ba, ya riƙa halartar majalisun malaman Bagadaza, cikinsu har da Abul Baƙa'i Al-Ukbari, shahararren malamin nahawu. Nan ya koyi sanin hannun marubuta, da rarrabe ingantaccen kwafi daga gurɓatacce, da sanin wane littafi ne yake da wuyar samu, kuma a taskar wa yake.

Bayan an ɗauki lokaci mai tsawo, zuciyar Askar ta yi sanyi. Ya kira tsohon baransa, ya ba shi haja, ya sake aikensa Kish. Ko da Yaƙutu ya komo sai ya tarar Allah Ya yi wa ubangidan nasa rasuwa, wajen shekara ta 606. A nan ne aka ga halinsa na amana. Dukiya tana hannunsa, mai ita ya mutu, amma ya je ya ba matar mamacin da 'ya'yansa abin da ya gamsar da su, ragowar da ta zama tasa kuma ya mai da ita jari. Sai dai a wannan karon wani sashe na hajarsa littattafai ne. Ya zama falke mai yawo da littafi gari gari, yana saye yana sayarwa, ya je Tabriz, ya je Sham, ya je Misra. Duk garin da ya sauka sai ya nemi malamansa da taskokin littattafansa, ya tambayi mutanen wurin yadda suke furta sunan garinsu, ya rubuta ya ajiye.

Ba za mu ɓoye wa mai karatu aibin da aka ambata game da shi ba, domin tarihi amana ne. Alƙali Ibnu Hallikan ya bayyana cewa Yaƙutu ya karanta waɗansu littattafan Hawarijawa, wani abu daga cikinsu ya maƙale masa a zuciya. A shekara ta 613, watau 1216, yana zaune a wata kasuwa ta Dimashƙa, sai gardama ta haɗa shi da wani mutum a kan Sayyidina Aliyu, Allah Ya ƙara masa yarda, har ya furta maganar da ba ta dace ba. Jama'a suka taso masa, da ƙyar ya tsira da ransa. Labari ya kai ga hakimin gari, aka shiga nemansa, ya gudu zuwa Halab, daga can ya wuce Mausil da Irbil, bai sami natsuwa ba sai da ya dangana da Hurasan. Karo na biyu ke nan da ya rasa wurin zamansa, amma wannan karon harshensa ne ya jawo masa. Baki shi ke yanka wuya, kuma ilmin mutum ba ya hana shi tuntuɓe idan ya saki harshensa a kan Sahabban Manzon Allah.

A Hurasan ya sauka birnin Marwu, wanda kangonsa yake cikin ƙasar Turkmenistan ta yau. Shi da kansa ya ba da labarin cewa ya zauna a can shekara 3, ya kuma tarar da taskokin littattafai na wakafi guda 10 waɗanda bai taɓa ganin irinsu ba wajen yawa da inganci. Biyu daga cikinsu suna cikin masallacin Juma'a, ɗaya ana kiranta Al-Aziziyya, tana ɗauke da mujalladi wajen 12,000. Abin da ya fi burge shi shi ne sauƙin aro. Ya ambata cewa gidansa ba ya rabuwa da mujalladi 200 ko fiye na aro, galibinsu kuma ba tare da an karɓi jingina daga gare shi ba, alhali shi baƙo ne. Ya ce son waɗannan littattafai ya mantar da shi kowane gari, kuma mafi yawan abin da ya zuba a littattafansa daga waɗannan taskoki ya tsinto shi.

A nan Marwu ne, cikin shekara ta 615, wani ɗan ƙaramin al'amari ya faru wanda ya zama mafarin babban aikinsa. Ana zaune a majalisin Shaihu Abul Muzaffar Abdurrahim As-Sam'ani ana karatun Hadisi, sai aka zo kan sunan wata kasuwa ta Larabawa ta zamanin Jahiliyya, wadda aka ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya je fatauci cikinta da dukiyar Nana Hadiza kafin a aiko shi. Aka tambayi Yaƙutu yadda ake karanta sunan. Ya ce a ganinsa Hubasha ne, da rufu'a a kan harafin farko, ya kafa hujja da asalin kalmar a lugga. Sai wani daga cikin masu Hadisi ya tashi ya dage cewa Habasha ne, da wasali bisa, ba tare da ya kawo wata hujja ba. Yaƙutu ya tafi neman nassin da zai raba gardama. Ya bincike littattafan baƙin kalmomin Hadisi da ƙamusoshin lugga, duk da yawan littattafan Marwu bai samu ba, sai bayan an daɗe da watsewa kuma ya fid da rai, sa'an nan ya ci karo da shi, ya kuwa zo daidai da abin da ya faɗa.

Wannan ya sa ya gane cewa malamai suna da bukatar littafi guda wanda zai tattara sunayen wurare, ya daidaita wasullansu, ya faɗi inda kowanne yake. Duk malamin Larabci ya san girman wannan matsala. Rubutun Larabci ba ya ɗauke da wasulla a yawancin littattafai, kalmar da ke da ƙa'ida ana iya gane ta da nahawu da sarfu, amma sunan gari ba ya bin ƙa'ida, sai an ji shi daga bakin wanda ya sani. Ga shi kuwa mai Hadisi yana bukatarsa don ya san garin da aka jingina mai ruwaya gare shi, mai Fiƙihu yana bukatarsa don ya san miƙatai da hukuncin ƙasashen da aka ci da yaƙi da waɗanda aka karɓa da sulhu, mai adabi yana bukatarsa don ya fahimci wuraren da mawaƙa suka ambata.

Yana cikin wannan tattare-tattare sai babbar musiba ta auko. Rundunar Tattar, watau Mongol, ƙarƙashin Jankis Khan, ta fito daga gabas tana share garuruwan Musulmi. Yaƙutu ya bar Marwu a shekara ta 616, ya je Hawarizim, daga can ya tsere yamma cikin wahala da tsoro, ya isa Mausil a shekara ta 617 ba shi da komai, ko abin sakawa a baki yana yi masa wuya. A shekara ta 618, watau 1221, Tattar suka ci Marwu, suka karkashe mutanenta, taskokin nan guda 10 suka zama labari. Karo na uku ke nan da ya koma hannu rabbana. Daga Mausil ya rubuta doguwar wasiƙa zuwa ga Jamaluddini Aliyu ɗan Yusufu Al-Ƙifɗi, babban jami'in gwamnatin Halab wanda daga baya ya zama waziri, mutum mai tsananin son littattafai. A ciki ya bayyana halin da yake ciki da abin da ya sami Hurasan. Bayan ya daɗe a Mausil cikin ƙunci, ya wuce Sinjar, daga nan ya isa Halab, inda ya sami inuwar da zai ƙarasa aikinsa.

Ya kammala tsararren farko na Mu'ujamul Buldan a watan Safar na shekara ta 621, watau 1224, ya kuma soma juyinsa mai tsabta a watan Muharram na 625. Ya buɗe littafin da babi 5 na share fage: a kan siffar ƙasa, da yankuna 7 da magabata suka kasa duniya, da ma'anar kalmomin awon nisa da na mulki irin su farsahi da mil da baridi, da hukuncin ƙasashen da Musulmi suka ci, sa'an nan da dunƙulallen labarin ƙasashe. Bayan haka ya jero sunayen garuruwa da ƙauyuka da duwatsu da koguna da rijiyoyi bisa tsarin haruffan Larabci 28. Kowane suna yakan fara da daidaita wasullansa, ya faɗi asalin kalmar, ya faɗi inda wurin yake, da wanda ya ci shi a zamanin Musulunci, da malaman da suka fito daga cikinsa, da waƙoƙin da aka ambace shi a ciki. Inda ya gani da idonsa yakan faɗa, inda ya ciro daga wani littafi yakan ambaci mai shi, inda labari ya yi kama da tatsuniya yakan nuna cewa bai ɗauki nauyinsa ba.

Mu ma nan ƙasashen Sudan littafin bai manta da mu ba, domin ya ambaci Gana da Takrur da Kaukau da Kawar da Zagawa da Kanem. A wurin da ya yi magana kan Kanem har ya ambata cewa a zamaninsa akwai wani mawaƙi a Marrakush ta ƙasar Magrib da ake kira Al-Kanimi, wanda aka shaida da gwaninta. Wannan shaida ce daga Halab cewa tun shekara 800 da suka wuce an sami ɗan yankin Tafkin Chadi da ya ƙware a waƙar Larabci har sunansa ya kai gabas.

Yana da wani babban littafin kuma, Irshadul Aribi, wanda aka fi sani da Mu'ujamul Udaba, inda ya tara tarihin masu nahawu da lugga da marubuta da warraƙai wajen mutum 1,000. Tsohon mai juyin littafi bai manta da abokan sana'arsa ba, ya ba gwanayen rubutun hannu gurbinsu a tsakanin manyan malamai. Ya kuma ware wani ƙaramin littafi, Al-Mushtarik, a kan garuruwan da suka yi tarayya a suna suka bambanta a wuri.

Yaya littafi yake fita ga jama'a a wancan zamani? Mawallafi yakan miƙa kwafi ga taskar wani babba, warraƙai su juya daga gare shi, ɗalibai su karanta su yaɗa. Haka Yaƙutu ya yi, ya miƙa Mu'ujamul Buldan ga taskar Al-Ƙifɗi. Waɗansu sun roƙe shi ya taƙaita littafin saboda girmansa, ya ƙi, har ya roƙi na bayansa kada su taƙaita masa. Duk da haka Safiyyuddini Al-Bagadadi, wanda ya rasu a shekara ta 739, ya taƙaita shi da sunan Marasidul Iɗɗila'i. Shi kansa Al-Ƙifɗi da ya zo rubuta tarihin Yaƙutu bai yi masa sassauci ba, ya soke shi ta fuskoki da dama. Wanda ya rubuta littafi ya kafa kansa a bainar jama'a, yabo da suka duka za su same shi.

Yaƙutu ya rasu ran 20 ga watan Ramalan na shekara ta 626, daidai da watan Agusta na 1229, a wani masaukin fatake da ke bayan garin Halab, yana da shekara hamsin da ɗoriya. A masauki ya mutu kamar yadda ya rayu. Kafin rasuwarsa ya yi wakafin littattafansa ga Masallacin Az-Zaidi na Bagadaza, ya danƙa su a hannun Izzuddini Ibnul Asir, mai tarihin Al-Kamil, domin ya isar da su. Ibnu Hallikan ya iso Halab 'yan makonni bayan rasuwarsa, ya tarar mutane suna ta yabon ilminsa, amma Allah bai nufe su da haɗuwa ba.

Ɗab'i bai riski littattafansa ba sai bayan fiye da shekara 600. Wani masani Bajamushe mai suna Wustenfeld ya buga Mu'ujamul Buldan a birnin Leipzig cikin mujalladi 6 tsakanin 1866 da 1873, aka sake buga shi a Alƙahira a 1906, daga baya kuma a Bairut cikin mujalladi 5. Margoliouth na Jami'ar Oxford ta Ingila ya soma fitar da Mu'ujamul Udaba a 1907, sa'an nan Ihsan Abbas ya sake tace shi aka buga a 1993. Masana sun gane cewa littattafai da yawa da Yaƙutu ya ciro daga cikinsu sun ɓace, abin da ya rage nasu sai wanda ya adana. Labarin tafiyar Ibnu Fadlan zuwa ƙasar Bulgar ta Kogin Volga a shekara ta 921, alal misali, galibi ta hanyarsa aka san shi har zuwa 1923 da aka gano wani tsohon kwafi a birnin Mashhad. Watau abin da ya kwasa daga taskokin Marwu ya fita da shi ne daf da lokacin da wuta za ta cinye su.

Jama'a, mu dubi tsawon hanyar nan. Daga ranar da Askar ya sallame shi zuwa ranar da ya kammala tsararren farko na babban littafinsa shekara 25 ne. Bai fara da wallafa ba, ya fara da juya littattafan waɗansu don ya sami na tuwo, bai kuma raina aikin ba. Wanda aka sallama daga aiki a yau, yana da ilmi a kansa da alƙalami a aljihunsa, sai ya tambayi kansa wace bukata ce ta jama'a ya gani wadda ba a rubuta a kanta ba, kamar yadda Yaƙutu ya gani a gardamar wasali guda. Masu hali kuma su tuna da mutanen Marwu da suka ara wa baƙo mujalladi 200 ba jingina. Littattafai nawa ne suke kulle a gafakokin gidajen malamanmu da suka rasu, gara tana ci, magada ba su karanta ba, ba su kuma bari wani ya juya ba?

Allah Ya jiƙan Yaƙutu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya saka masa da alheri a kan hidimar da ya yi wa ilmi. Mu kuma Allah Ya tsare mana harsunanmu, Ya buɗa wa wanda yake cikin ƙunci, amin.